Allura Ba Ta Roƙo Sau Biyu

Zuwa ga Yaya Mai Katako,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara duka. Yaya gwiwar? Direbanka ya ce har yanzu kana hawa benen shago kana zagin matakala, amma ka ƙi zuwa asibiti. Mu nan lafiya lau, sai idon maigidana da ke ta ruwa tun da aka sallame su daga aiki. Likita ya ce ba makanta ba ce, amma tuƙi kam ya ƙare.

Na san za ka ce Allura ba ta rubuto takarda sai da dalili, kuma gaskiyarka. Na sha ɗaukar waya in kira ka, da na ji ta fara ƙara sai in kashe. Maganar ta fi ƙarfin bakina. Zumuncinmu na nesa ne, na sani, amma marigayiya Inna kullum takan ce ita da babanka kaka ɗaya suka haɗa, kuma a tabarma ɗaya suka yi rarrafe.

Ka san ina ɗinkin jakunkunan makaranta. Mu biyu ne da maƙwabciyata, Uwar Tagwaye. Ni nake yanka in haɗa jikin jaka, ita ke sa zif da hannu, don ta fi ni ƙarfi a kan tamfol. A ɗakin gaba muke aiki da kekunan ƙafa biyu, in ɗaya za ta tashi sai ɗayar ta matse ciki. Mutanenta ba su da yawa a garin nan, suna da nasu yaren, kuma ko da yake a layinmu aka haife ta, har yau a kasuwa baƙuwa ake ce mata. In mun kai kaya shago ni ke shiga, ita ta tsaya waje da ƙulli a ka, don da sun gan ta za su karya farashi.

To an buɗe wata cibiya a nan ta tallafa wa mata da 'yan tsiraru masu ƙananan sana'o'i. Tsohon sito ne aka gyara aka yanka shi ɗaki-ɗaki. Waɗanda aka ɗauka za a ba su ɗaki mai wuta da keken ɗinki na lantarki irin na masana'anta, a kuma koya musu yadda ake neman kwangila. Mun je mun leƙa. Yaya, keken nan yana ratsa tamfol ninki huɗu kamar takarda. Uwar Tagwaye ta shafa shi da yatsa ta ce, "Wannan ai ba keke ba ne, miji ne."

Abu guda ya tsaya mana. Sai wani mai kafaffen kasuwanci ya tsaya mana a matsayin ubangida, ya ce ya san mu kuma zai riƙa duba aikinmu. Ba kuɗi ake nema a wurinsa ba, sunansa ne. Mun gwada masu shagunan da muke kai wa kaya. Ɗaya ya ce mu turo mazajenmu. Maigidana ya je, aka ba shi kujera da ruwan sanyi, aka yi ta masa hirar ƙwallo har ya gaji ya dawo. Wani kuma ya ce ni zai tsaya mini, amma ban da ita.

Za su rufe ɗauka kafin a koma makaranta. Ga jaka ɗaya na ba direba, gani ya kori ji. In ka ga da hali, ka tsaya mana, Yaya.

Ƙanwarka,
Allura

*

Ƙanwata Allura,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, jakar ma ta iso. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, za a ga wanda zai fara gajiya. Ki gaya wa direban nan in ya ƙara kai rahotona gari-gari, gadaje zai koma ɗauka a ka. Uwar yara na gaishe ki. Babban yaron ya gama karatu, yana ta yawo da takardu yana neman ofis mai sanyi, shagon ubansa ƙura ta yi masa yawa. Ki yi wa maigidanki sannu, Allah ya sawwaƙe.

Na ji daɗi da kika rubuto maimakon waya. Maganar da ta isa magana a takarda ake yin ta. Har yanzu rubutunki siriri ne mai tsini kamar mai shi, ba a banza Gwaggo, Innarki, ta sa miki Allura ba.

Na karanta batun cibiyarku, bari kuma in gaya miki gaskiya don ba ni da wata. Ni da kike gani a tsakiyar sakandare na tsaya, na fito da wando ɗaya da takalmin roba. Babu cibiya, babu kwamiti, babu ɗaki mai wuta. Na daɗe ina sharar garin katako a shagon ubangidana kafin ya bari in taɓa zarto. Zarton farko da na mallaka rabin haƙoransa sun dakushe, ni na zauna da magagari na fiƙe su ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka fashe. Yau makarantu da otal-otal na yankin nan a kan kujeruna suke zaune. Ba wanda ya buɗe mini ƙofa da bugu ɗaya. Abin da aka miƙa wa mutum a faranti, a farantin yake barin sa.

Na duba jakar ciki da waje. Yanka ya yi, zif ya zauna. Amma hannun nan ban yarda da shi ba. Ɗinki layi biyu kacal? Yaro ya cika ta da littattafai ya fizge ta da gudu, ba za ta kai wata ɗaya ba.

Sai batun abokiyar aikin naki. Sunana kike so in ɗora, kuma sunan nan ba a kasuwa na sayo shi ba. Ke na san ki, na san Gwaggo, na san wanda ya haifi Gwaggo. Ita fa, wa ya san asalinta? In gobe ta naɗe keken mutane ta koma cikin danginta, da wane yare zan je in yi cigiya? Haɗin gwiwa da wanda ba ka san tushensa ba kamar buga ƙusa ne a katakon da ba ka duba ko gara ta ci ba.

Saboda haka a yanzu amsata a'a ce. Ki zauna ki sake duba lamarin da kyau, ki ga ko da gaske kike. Ƙofata dai kin san inda take.

Yayanki,
Mai Katako

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Idon maigidana ya ɗan tsagaita da ruwa, yana gaishe ka. A gaida Anti, a ce wa babban yaro Allah ya ba shi abin da yake nema.

Takardarka ta iso, na karanta ta har ƙarshe. Na gode da ka ɓata lokacinka ka duba jakar. Maganar hannu an gyara, yanzu layi huɗu ake yi da ɗinkin giciye a tsakiya.

Sauran kuma na fahimta. Ka yafe mini nauyin da na ɗora maka. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Allura

*

Allura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa ta ci ni da yaƙi kwana biyu, uwar yara ta ɗaure ta da wani tsumma mai warin man zafi, ma'aikata suna ta toshe hanci a bayana suna zaton ban gani ba. Na ji daɗin labarin idon maigidanki.

Wannan takarda taki ko ta mai bin bashi ta fi ta tsawo. Na juya bayanta ko akwai ci gaba, babu. Na tambayi direba ko wani shafi ya faɗi a mota, ya rantse babu.

Jakarki ban ba kowa ba. Na cika ta da ƙusoshi, manyan nan na rufi, har sai da zif ya ƙi rufuwa, na rataye ta da hannunta a bangon shago kusa da injin yanka. Haka nake gwada kowane abu. Kujera ma ba ta fita daga shagona sai mafi ƙiba a cikin ma'aikatana ya hau ta ya yi tsalle. Jiya ya tsaya yana kallon jakar ya ce, "Maigida, wannan kuma laifin me ta yi?" Na ce ya koma bakin aikinsa. Ba ta tsinke ba tukuna, amma da sauran lokaci.

Na ɗan yi tambaya a kan cibiyar taku. Wani abokina mai sayar da soso ya ce ba 'yan damfara ba ne, wasu mata da suka ɗauka a wani gari yanzu su ke yi wa asibiti zannuwan gado. To. Ban ce komai ba, na dai ji.

Abin da ya ba ni mamaki, ban ga kin sake tayar da maganar ba ko da kalma ɗaya. Har kin gaji? A'a guda ta kwantar da ke? Na zaci jinin Gwaggo ya fi haka zafi. Kasuwa ba ta san kunya ba, ƙanwata. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana murza gefen mayafi, a can zai kwana.

Uwar yara tana leƙen abin da nake rubutawa, ta ce in ɗauki waya in kira ki in daina wasa da hankalin mutane. Ta ce ni da girman kai tagwaye ne, ni ne ma ƙarami. Ba ta san harkar sana'a ba. Ina jiran takardarki.

Yayanki

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, don ba ni da yadda zan sani. Direba ya kai miki takardata ya dawo hannu wofi. Daga nan motar ta kwanta a gareji, ba mu sake samun hanyar wajenku ba sai yau. Na kira wayarki, tana shiga ba a ɗauka. Mu nan lafiya, ba gwiwa ce ke damuna ba yanzu.

Zan faɗi maganar a fili, da ma tun farko ya kamata.

Ranar da na fara zuwa wurin ubangidana neman aiki, ya dubi hannuna ya ce wannan ai na cin abinci ne kawai, babu aiki. Washegari na koma, ya ce yaran unguwarmu duk ɓarayi ne, ba zai bar ni kusa da kayan aikinsa ba. Na ce masa ƙarya ne, a gaban mutane. Da na koma na uku sai ya miƙo mini tsintsiya. Bayan shekaru ya gaya mini cewa tun ranar farko ya ɗauke ni. Ya ce wanda a'a ɗaya ta kora, katako ma zai kore shi. Ya ce ka nemi inda ya fi yi wa mutum ciwo ka danna, in ya kare wurin to ya san darajar abinsa.

Haka na ɗauki duk wanda ya taɓa aiki a shagona, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba. Haka na yi miki. Tun ranar da na karanta takardarki ta farko amsata e ce. Abin da na rubuta a kan abokiyar aikinki ba don na yarda da shi ba ne. So na yi ki rubuto da zafi ki ce, "Yaya, ƙarya kake, matar nan ta fi ni amana." Da kin faɗi haka da na san haɗin naku ba na ranar daɗi ba ne kawai.

Ina jiran ki sake roƙo, ina kuma shiri. Na yi muku teburan yanka guda biyu da katako mai kyau, na goge su da hannuna. Ɗaya na ƙara masa tsawo, don direba ya ce Uwar Tagwaye doguwa ce, kada ta riƙa sunkuyo. Akwai wani otal da zan yi wa kujerun falo, na ce musu rigunan kushin ƙanwata ce za ta ɗinka da abokiyar aikinta.

Shekaranjiya na ga yara da kayan makaranta suna wucewa ta ƙofar shago, sai na tuna kin ce za a rufe ɗauka kafin a koma makaranta. Na nemi lambar cibiyar na kira. Wata mata ta ɗauka, na faɗi sunana da sunan kamfanina, na zaci za ta miƙe tsaye. Ta ce ta gode, amma an rufe ɗauka, ɗakunan duk an raba. Na ce akwai mata biyu masu jakunkuna. Ta ce ta tuna su sarai, sun zo sun fi kowa tambaya a kan keke, amma ba wanda ya tsaya musu. Na ce ga ni. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina kake tun tuni?" Na tambaye ta batun zagaye na gaba. Ta ce ba ta san yaushe za a sake ɗauka ba.

Ki rubuto, Allura, ko zagi ne. Ki gaya mini halin da kuke ciki.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ka kwantar da hankalinka. Na ga kiranka, na riƙe wayar har ta katse, ban san da wace murya zan amsa ba. A gaida Anti, a ce mata na gode.

Ba zan zage ka ba. Zan dai gaya maka abin da ya faru.

Ranar da amsarka ta farko ta zo ban buɗe ta ni kaɗai ba. Mun yi alkawari da Uwar Tagwaye tare za mu buɗe, don na cika ta da labarinka: Yayana ya fara da tsintsiya, Yayana ba ya raina mai nema. Ta wanke hannu ta zauna a kan naɗin tamfol ta ce, "Karanta da ƙarfi, kada ki ci rabi." Mun yi dariyar gwiwa, mun yi dariyar ofis mai sanyi. Da na zo batun hannun jaka, wanda aikinta ne, ta ce, "Gaskiyarsa, zaren muke tattali." Sai idona ya riga bakina zuwa layin gaba. Na so in tsallake. Ta ce, "Karanta, Allura. Ai na saba." Na karanta mata har ƙusa da gara.

Ba ta yi kuka ba. Dariya ma ta yi ta ce, "Ki ce masa yarensa ma muna ji, ba sai ya nemi tafinta ba." Ta koma kan keke. A makon nan ta farke hannun duk jakunkunan da muka gama ta sake su.

Bayan haka ta ce ita ce ƙashin da ya tsaya mini a wuya, in je wurin mai shagon nan da ya ce zai tsaya mini ni kaɗai. Na ƙi. Ta ce wauta ce, ina da miji marar aiki. Na ce tare muka fara. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, har maigidana ya fito yana lalube yana ba mu haƙuri. Muna cikin wannan takardarka ta biyu ta zo, kana tambaya ko har na gaji. Na ɗauka ba'a ce. Wannan ban karanta mata ba.

Da aka rufe ɗauka ta ce ba za ta ƙara tare mini hanya ba. Ta sami aiki a masana'antar buhu da ke bayan gari, tana ɗinke bakin buhu daga safe zuwa yamma. Kekenta ta ba ƙanwarta. Muna gaisawa ta kan katanga, tagwayen suna shigowa, amma ita ba ta taka ɗakin gaba. Yanzu in zan tashi ba wanda ke matse ciki.

Ka ce kana jiran in sake roƙo. Yaya, Inna ta koya mini cewa in babba ya ce miki a'a, kada ki sa shi ya maimaita. Ta farkon ma da nauyi ya faɗe ta, ta biyu kuma ke kika ci masa mutunci. Da na yi shiru, girmama ka nake yi. Kai ubangidanka ya koya maka, ni uwata ta koya mini, ba wanda ya gaya wa wani.

Amma akwai abin da nake so ka duba. Da ka koma ƙofar ubangidanka sau uku, namiji ne kai kuma ɗan gari, sai aka ce yaron nan mai naci ne. Mace in ta koma ƙofar mutum sau uku wani suna ake ba ta. Ita kuwa Uwar Tagwaye tun tana yarinya ake ce mata a'a, kuma ba a taɓa faɗa mata don gwaji ba. Ta ina za ta gane taka daban ce?

Teburan ka bar su tukuna. Ɗaya ma ya yi mini yawa.

Ƙanwarka,
Allura

*

Ƙanwata Allura,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki. Mu ma lafiya. Uwar yara ta karanta takardarki, ta ninke ta ta miƙo mini, ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na zo garinku ranar da direba ya kawo gadajen asibiti. Na ce masa ya tsaya a bakin layinku, na hango ƙofarku a buɗe da labule, sai na ce ya ja mu tafi. Ni da na sha shiga ofishin manyan mutane ba tare da sallama ba. Ki yafe mini wannan ma.

Cibiyar na fara zuwa. Na zauna a kan benci cikin mata masu jira, benci mai rawa, ko wa ya yi shi Allah ya shirye shi. Na leƙa ɗakunan. Na ga keken. Ban san wanne ɗaki ne zai zama naku ba, don haka kowanne na leƙa sai in ga kamar shi ne. Na ba matar nan sunana na ce duk ranar da za a sake ɗauka a sa ni cikin masu tsaya wa mutane. Ina fitowa wata mai yin kyandir ta biyo ni, ta ce ta ji abin da na ce, ko zan tsaya mata. Wallahi, Allura, bakina har ya buɗe zai ce a'a, don ya saba. Sai da na cije harshe. Na ce e, kawo in ga aikinki. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta ji daidai ba.

Daga nan muka je masana'antar buhu, na jira a ƙofa har aka tashi. Ban sha wahalar gane ta ba, ta fi kowa tsawo, da farin ƙura a gira. Na ce ni ne yayan Allura. Ta ce, "Mai ƙusa da gara." Na ce shi ne. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi gwiwa.

Na ba ta haƙuri, na yi mata bayanin ubangidana da tsintsiya. Ta saurara har ƙarshe. Na ce akwai aikin otal, akwai tebur da na yi daidai tsawonta, zan sayi keken lantarki da kaina in kawo ɗakinku, ta dawo. Ta ce ta gode, amma a'a. Ta ce nan ƙarshen wata ana biyan ta, ba wanda ke tambayar asalinta, buhu ba ya tambaya.

Na ce ta sake tunani. Ta ce a'a.

Na bi ta har bakin titi ina ɗingishi, na ce mata don darajar Allura. A raina ina cewa wannan ne na uku, yanzu za ta miƙo tsintsiya. Ta tsaya ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Ranka ya daɗe, tun na farko na ji ka. Ni ba gwada ka nake yi ba." Ta tare mota ta shiga.

Ban san abin da zan ƙara a kan wannan ba. Na yi zaton duk ƙofa irin ta ubangidana ce, ana bugawa ana bugawa har ta buɗe, don tawa ta buɗe.

Aikin otal yana nan, naki ne, ba sai kin roƙa ba. Yadin yana cikin mota tare da awon kushin ɗin, direba zai sauke miki. In ya yi miki yawa ke kaɗai ki ɗauki wadda kike so ta taya ki, ba zan tambayi ko 'yar wace ce ba. In kuma ba ki so, ki ce a'a sau ɗaya, zan ji. Gajeren teburin yana tafe. Dogon na rufe shi da tamfol a bayan shago, ba zan sayar ba, ko da wata rana.

Jakar tana nan a bango da ƙusoshinta. Ta farkon nan ce, mai layi biyu, wadda na ce ba za ta kai wata ɗaya ba. Mai ƙibar nan ya ce a sauke ta, ana buƙatar ƙusoshin, na ce ya je ya sayo wasu. Kullum da safe in na buɗe shago ita nake fara dubawa, ko hannun ya tsinke in sami abu guda da zan ce ai na faɗa. Ya ƙi.

Yayanki,
Mai Katako